Neman shawara: littattafai da finafinan koyar da Turanci ga 'yan aji biyu na babbar sakandare

Malama Rukayya:
Assalamu alaikum, malamai. Ina koyar da Turanci a aji biyu na babbar sakandare. Ɗalibai sun kai sittin, darasi minti 40 ne, sau ɗaya a mako ana haɗa mana biyu ya zama minti 80. Akwai majigi da janareta a makarantar. Yawancin yaran suna iya karanta shafi da babbar murya, amma in an tambaye su me shafin ya ce, sai kowa ya sunkuyar da kai. Ina neman littattafai da finafinan da zan kai aji ba tare da iyaye sun yi ƙorafi ba, da kuma yadda ake aiki da su. Allah ya saka da alheri.

Malam Sanusi:
Wa'alaikumus salam, Malama. Kafin ki sayi kowane littafi, ki auna shi da yaran. Ki ɗauki shafi ɗaya daga tsakiya, mai kalmomi kamar 250, ki ba ɗalibai goma masu matsakaicin ƙoƙari, su ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ba su sani ba. In sun wuce biyar ko shida a shafin, littafin ya fi ƙarfinsu. Za su koma laluben ƙamus, labarin ya kuɓuce musu, kuma wannan ne ke haifar da shirun da kike gani.

Ki fara da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1960. Gajere ne, jimlolinsa ba su da sarƙaƙiya, kuma duniyarsa tamu ce: jirgin ƙasa, Kano, tafiya Makka, mutum yana bin sawun wanda ya cuce shi. Yaro ba zai sha wahala biyu ba, ta harshe da ta al'ada. Daga nan sai Burning Grass na marubucin, 1962, labarin Mai Sunsaye Bafulatani da ciwon yawon da ya kama shi. A zango na biyu ki kawo The Stillborn na Zaynab Alkali, 1984, musamman in 'yan mata sun yi yawa a ajin. Animal Farm na George Orwell babi goma ne, babi ɗaya a mako ya cinye zango, amma sai an ba su darasi guda kan juyin juya halin Rasha na 1917, in ba haka ba za su ɗauka tatsuniyar aladu ce kawai.

Waɗanda ke can baya kuwa, ki nemo musu sauƙaƙan littattafai masu hawa-hawa irin na Oxford Bookworms. Hawa na ɗaya an rubuta shi da kalmomi 400, na biyu 700, na uku 1000. Kwafi ashirin sun isa aji na sittin, uku-uku a benci.

Malama Binta:
Ni a kan fim zan yi magana, 'yar'uwa. Kada ki kunna fim daga farko zuwa ƙarshe a aji. Wannan kallo ne, kuma in da kallo kaɗai ake koyon harshe, da masu kallon finafinan Indiya duk sun iya Indiyanci. Ki yanki minti biyar zuwa takwas, inda mutum biyu ko uku ke magana a kan abu guda.

Kafin ki kunna, ki rubuta kalmomi shida zuwa takwas da za su ji a allo, da tambayoyi uku. Zagaye na farko babu rubutun ƙasa, wato rubutun maganar 'yan wasa da ke fitowa a ƙasan hoto, su amsa tambayoyi masu faɗi: su wa ke magana, me ya haɗa su, wa ya yi rinjaye. Zagaye na biyu ki saka rubutun ƙasa na Turanci, su cike gibi goma a takardar da kika raba. Na uku ki riƙa tsayarwa bayan jimla, layi ɗaya na aji ya maimaita. Sauran minti talatin na dogon darasin su rubuta: wasiƙa daga ɗaya daga cikin 'yan wasan zuwa wani, ko su juya hirar zuwa zancen rahoto. In aka tashi babu rubutu, ranar man janareta kawai aka ƙona.

Finafinan da suka karɓi wannan tsari: Queen of Katwe na 2016, labarin Phiona Mutesi, yarinyar unguwar talakawa a Kampala da ta shahara a wasan dara na Turawa. Turancin Yuganda ne, a hankali ake yin sa, kunnen yaranmu na kama shi. Akeelah and the Bee na 2006 a kan gasar faɗin haruffan kalmomi yake, yana koya musu saiwoyin kalmomi na Latin da Girkanci, sai dai akwai 'yan kalmomin rashin kunya na matasan Amurka, a tsallake wuraren. Lionheart na Genevieve Nnaji, 2018, Turancinsa ya yi yawa har aka cire shi daga takarar Oscar ta finafinan ƙasashen waje, kuma akwai zaman taron kamfani da ya dace da koyar da harshen ofis.

Biyu kuma a yi hattara. The Boy Who Harnessed the Wind na 2019 labari ne mai kyau, na William Kamkwamba ɗan Malawi da ya ƙera injin iska, amma kaso mai yawa na hirar da harshen Chichewa aka yi ta. Bai dace da horon sauraro ba, gara littafinsa, bugun da aka yi wa matasa. The Great Debaters kuma malamai na son sa saboda muhawara, amma akwai wurin kisan gilla da wurin da bai kamata a haska a aji ba. Wuraren muhawarar kaɗai za a yanka. Duk fim ɗin da ba ki kalle shi da idonki har ƙarshe ba, kada ya shiga aji, ko da wa ya yabe shi.

Malam Idris:
Abin da ke kashe irin wannan darasi sauti ne, ba hoto ba. Lasifikar cikin majigi ba ta wuce benci na uku. Ki samu ta waje, ki ɗora a kan tebur a gaba, janareta kuma a ja shi nesa da taga da doguwar waya. Tagogi biyun da ke kusa da allo a rufe da baƙin yadi. Ki sauke fim ɗin tun a gida, kada ki dogara da intanet ɗin makaranta. A manhajar VLC, fayil ɗin rubutun ƙasa ya zama sunansa ɗaya da na fim ɗin kuma a wuri guda, zai hau da kansa. In rubutun ya riga magana ko ya makara, maɓallan G da H ke daidaita shi. Ana iya rage gudun magana zuwa 0.9, ƙasa da haka murya takan fara ja.

Malam Garba:
Malama Binta, na yarda da tsarinki, amma zaɓinki bai kalli jarrabawa ba. Takarda ta uku ta WAEC, ta furuci, tambayoyi 60 ce, kuma ma'auninta furucin Ingila ne. Yaron da kunnensa ya saba da na Amurka ko Yuganda zai rikice a wasula. Shi ya sa nake ganin a sa A Man for All Seasons na 1966 a ciki, ko da minti uku-uku ne, don furucinsa tsaf yake, kuma wasan kwaikwayon da aka yi fim ɗin daga gare shi yana cikin jerin adabin WAEC na 2026 zuwa 2030. A nan ake gyara abin da ke damun Bahaushe: rabe p da f, rabe b da v, da sautin th.

To Kill a Mockingbird ma yana cikin jerin, da fim ɗinsa na 1962. Amma littafi kafin fim. Gwaggon yaran da ke cikin labarin, Alexandra, ba ta fito a fim ɗin ba sam, don haka wanda ya tsaya a kallo zai tona asirin kansa a takardar amsa. Shari'ar ciki kuma ta zargin fyaɗe ce, akwai kalmar cin zarafin baƙar fata, sai a sanar da shugaban makaranta tukuna.

Malama Binta:
Gaskiya ne, Malam, amma yaran da aka kwatanta mana ba su kai ga Turancin fadar Ingila ba tukuna. A bar shi sai zango na uku.

Malama Rukayya:
Na gode ƙwarai. Saura ɗaya: ta yaya zan tabbatar sun yi karatun, ba kwafar taƙaitawa suka yi daga waya ba?

Malam Sanusi:
Kada ki ba da aikin taƙaita babi a gida, wannan yana intanet. Ki yi gwajin minti biyar a farkon darasi, tambayoyi biyar kan ƙananan abubuwan da mai taƙaitawa ba ya kawowa: wa ya fara shiga ɗakin, me aka ba baƙon ya sha. Kowane ɗalibi ya riƙe ƙaramin littafin rubutu, a kowane babi ya kwafo jimloli uku da lambar shafinsu, ya gina tasa jimlar a kan ƙirar kowace. Ki karɓi na layi ɗaya kawai a mako, littafi goma sha biyar, ba tare da kin faɗi layin da za ki karɓa ba. A ƙarshen kowane littafi su rubuta insha'i a cikin aji, kalmomi 250 a zango na farko, 350 a na biyu, a na uku su kai 450 da WAEC ke nema.