Wai sata na yi?

Auta: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake wallahi. Na kai wa sufabaiza babi na biyu na furojet ɗina, ya sa a Turnitin, manhajar nan da ake binciken kwafe da ita, ya ce kusan rabi ya yi ja, wato ya yi kama da rubutun wasu. A gaban 'yan ajinmu ya dube ni ya ce wai sata na yi. Bitar ayyukan da suka gabata ne fa! In ban kawo maganar masana ba, ta kakata zan kawo? Kuma duk littattafan suna nan a manazarta. Don Allah wanda ya san yadda ake rage jan nan ya taimaka, Litinin zan mayar.

Ɗan Fage: Sata? Haba, kalmar nan ta yi nauyi. Me aka sace? Littafin mutumin yana nan a laburare, ko shafi ɗaya bai ragu ba. Ɓarawo shi ne wanda in ya wuce ka duba ka ga babu.

Malam na Kwaleji: Ba takarda aka ɗauka ba, wahalar mutum da sunansa aka ɗauka. Ƙanwata, jera littafi a manazarta kaɗai bai fitar da ke ba. In kin ɗauko jimla kalma da kalma, sai ki sa ta cikin alamar zancen wani, da sunan marubuci da shekara da lambar shafi, a nan inda kika yi amfani da ita. In da bakinki kika sake faɗa, har yanzu tunaninsa ne, sai kin ambace shi.

Ɗan Fage: Malam, ni duk ban musa ba. Amma a ce mata kuskure, a ce sakaci. Sata fa? 'Yar mutane a gaban jama'a?

Ustaz: Malamanmu sun riga Bature gane wannan. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Jingina magana ga mai ita amana ce. Wanda ya ɓoye mai magana ya ci amana.

Ɗan Fage: Yauwa! Ustaz da bakinsa ya ce cin amana, bai ce sata ba. Na gode, Allah gafarta malam.

Ustaz: Kada ka sa min magana a baki, ɗan'uwa. Cin amanar ce ka ga ta fi sauƙi?

Gimbiya: Ku yi ta jan kalma. A Jamus, ministan tsaro Guttenberg ya sauka daga muƙami a 2011 bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na dakta saboda kwafe. A 2013 ministar ilimi kanta, Annette Schavan, ta bi bayansa. Shugaban ƙasar Hungary ma, Pál Schmitt, abin da ya sauke shi ke nan a 2012. Ko wane suna kuka ba abin, can kujera yake cin wa mutum.

Mai Jar Hula: Can ke nan. Mu nan a Satumbar 2016 aka karanta mana jawabin gangamin canjin hali, ashe akwai sakin layi guda daga jawabin nasarar Obama na 2008. Wa ya sauka?

Na Daura: Na san za a zo nan. Baba Buhari ba shi ya rubuta ba, kuma fadar shugaban ƙasa ta fito ta amsa laifin, ta ce daga masu rubuta jawabi ne. Bawan Allah yana kabarinsa, ku ƙyale shi ya huta. Naku gwanin ya taɓa amsa laifi ko sau ɗaya?

Mai Jar Hula: Ni na ambaci suna? Kai ka tsargu.

Na Daura: Hular kanka ta ambata.

Admin: A bar siyasa don Allah.

Auta: Jama'a Litinin fa.

Tsohon Ɗalibi: Ni abin da ke ba ni haushi, su malaman da ke kiran yara ɓarayi, hand'awut ɗin da suke sayar mana daga ina? Na taɓa buɗe littafi a laburare na ga hand'awut ɗin wani malaminmu daga farko har ƙarshe, har da kuskuren bugu, sunansa ne kawai a bango. Laifi tudu ne.

Malam na Kwaleji: Malami ɗaya ka gani, ka yi wa dubbai kuɗin goro. Kuma in ya yi, shi ma satar ya yi, ba zan canza mata suna don shi ba. Ku kuma da kuke zuwa shagon kwamfuta a ciro muku furojet ɗin wata jami'a, a goge sunan garin a sa naku?

Tsohon Ɗalibi: Ranka ya daɗe, wa ya koya mana rubutun? Zango guda aka yi mana darasin dabarun bincike, malamin ma ba kullum yake shigowa ba.

Gimbiya: Wannan kam gaskiya ce. Auta, jan nan ba hukunci ba ne. Manhajar kamanceceniya kawai take nunawa, tana gwada rubutunki da shafukan intanet da mujallu da ayyukan ɗalibai da aka taɓa sakawa. Har manazarta da zancen da kika ambaci mai shi tana iya yi wa ja, in ba a saita ta ta tsallake su ba. Ki roƙe shi cikakken rahoton ki bi wuri-wuri. Inda kika kwafa, ki karanta, ki rufe littafin, ki rubuta abin da kika fahimta, ki sa sunan mai shi.

Sarkin Kwamfuta: Hajiya ki biyo ni ta bayan fage. Muna sauya kalmomi, ja ya koma kore cikin dare ɗaya, farashin ɗalibai.

Malam na Kwaleji: Ga irin su nan! A cire "muhimmi" a sa "babba", ginin jimla da tunanin duk na mai su. Ranar kare kundi tambaya ɗaya za ta tona ki. Wasunsu ma ChatGPT suke ba wa, ya ƙago littattafan da babu su a duniya.

Sarkin Kwamfuta: Malam sana'a ce, ba roƙo muke yi ba.

Ɗan Fage: To shi wannan me za ku kira shi, tunda kun riga kun ɓatar da "sata" a kan yarinya?

Admin: To, dare ya yi, bari in tattara. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun yarda kalmar sata ta yi tsauri, har Ustaz ya nuna ba sata ba ce. An kuma tabbatar malamai ne tushen matsalar, ni kaina na sha wuyar sufabaiza, na san halinsu. Gimbiya ta nuna manhajar ma ƙarya take yi. Malam na Kwaleji ya yi ƙoƙari, amma kowa ya san ɓangaren da yake karewa. Mai Jar Hula da Na Daura, ku koma can ku ƙarasa. Na rufe.

Ustaz: Ni ban faɗi haka ba.

Gimbiya: Ni ma ban ce ƙarya take yi ba.

Admin: Na ce na rufe.