Ana neman shawara: sayen gida a ƙauyen Loppersum

Baban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu aiki a tashar jiragen ruwa ta Eemshaven a arewacin Holan, kuma ɗaki biyun da muke haya a Rotterdam sun yi mana kaɗan, yara sun girma. Na ga gidaje a Funda, shafin tallan gidaje, a wani ƙauye, Loppersum, arewa maso gabashin Groningen, har da lambu a baya, kuɗinsu ƙasa sosai da abin da ake nema a nan. Wanda ya san yankin ya taimaka da shawara kafin in kira dillali.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri. A birnin Groningen nake, kuma arahar da ka gani tana da dalili. Tun 1959 aka gano iskar gas a Slochteren, aka yi ta zuƙo ta shekara da shekaru har ƙasa ta fara motsi. Girgizar da ta fi kowacce ƙarfi ita ce ta Huizinge a 2012, maki 3.6, kuma Huizinge maƙwabciyar Loppersum ce. A 2018 aka sake yin wata mai 3.4 a Zeerijp, shi ma nan kusa. Gidajen bulo ne, bango ya yi ta tsagewa. An daina haƙar gas ɗin a Oktoban 2023, doka ta rufe filin gaba ɗaya a 2024, amma ƙananan girgiza ba su ɗauke ba tukuna.

Don haka kafin ka tambayi kuɗi, tambayi takardu biyu. Na farko rahoton NCG, hukumar da ke duba gidaje tana ƙarfafa su: an duba gidan, an gyara, ko yana layi? Na biyu fayil ɗin IMG, masu biyan diyyar ɓarna. In akwai ƙorafin da ba a kammala ba, a rubuta ɓaro-ɓaro a yarjejeniya wa zai karɓi kuɗin, kai ko mai sayarwa.

Injiniya Musa: Malam Sani ya yi gaskiya, sai dai kada a tsorata shi da yawa. An rushe gidaje da dama a Loppersum aka gina sababbi masu jure girgiza, waɗanda ba sa shan kuɗin ɗumama ɗaki. In ka dace da irinsu ka more. Tsohon gida mai shaidar makamashi F ko G, wato mai shan wuta da gas da yawa, shi zan ce ka yi hattara da shi, domin iskar arewa a hunturu ba ta wasa. Daga 2024 ma banki yana duba wannan shaidar wajen yanke adadin da zai ba ka. Ka biya masanin gini ya duba tushe da rufi da bango, ka bi shi ƙafa da ƙafa ranar da zai je.

Maman Hanifa: Baban Sadiq, ni ta wajen yara zan yi magana. Ka shiga shafin CBS, hukumar ƙididdiga ta Holan, ka nemi “Kerncijfers wijken en buurten”. Unguwa-unguwa suke fitar da shi: mutum nawa ne, kashi nawa yara 'yan ƙasa da shekara 15, kashi nawa suka haura 65, gidaje nawa na masu su ne, nawa na haya. Kada ka tsaya a alkaluman ƙaramar hukumar, domin tun 2021 aka haɗe Loppersum da Appingedam da Delfzijl suka zama Eemsdelta, alhali Delfzijl garin masana'antu ne, ƙauyen kuwa mutanensa ba su kai 3,000 ba. Layin unguwar da gidan yake shi za ka duba.

Abin da ya sa na damu da wannan shi ne makaranta. Matasa na tafiya birni karatu, da yawa ba sa dawowa, tsofaffi ke zama. Inda yara suka yi ƙaranci sai a haɗe makarantu ko a rufe. Doka ba ta barin firamare ta sauka ƙasa da ɗalibai 23 ta ci gaba haka nan. Ku je da Maman Sadiq ku ga shugaban makarantar, ku tambayi yawan ɗalibai bana da na shekarun baya.

Baban Sadiq: Na gode Maman Hanifa. Na leƙa, na ga samun mutanen yankin bai kai matsakaicin na ƙasar ba. Wannan ba alamar matsala ba ce?

Alhaji Garba: Ba lalle ba. Inda 'yan fansho suka yi yawa dole lissafin ya sauko, ga shi manyan albashi suna can yammacin ƙasar. Ka kwatanta samun kowane mazauni da samun kowane mai kuɗin shiga, duka biyun suna cikin jadawalin. Kai dai albashinka banki zai duba, da ko kwantiraginka na dindindin ne, da irin takardar zamanka, da ko sunanka na BKR, rajistar masu bashi, saboda wani bashi.

Ga lissafin da na sani. A 2024 matsakaicin kuɗin gida a Holan wajen Yuro 450,000 ne, kuma ƙasar na da giɓin gidaje kusan 400,000, shi ya sa har ƙauyukan Groningen farashi ya tashi. Banki ba ya ba da fiye da darajar gidan, saboda haka kuɗin notaris, lauyan da ke rubuta takardun mallaka, da na kimantawa da harajin mallaka na kashi 2 cikin 100 daga aljihunka za su fito. In ba ka kai shekara 35 ba ana yafe harajin sau ɗaya, muddin gidan bai wuce Yuro 525,000 ba a ƙa'idar 2025. Ka nemi lamunin NHG, asusun da ke tsaya wa mai bashin gida a wajen banki, iyakarsa Yuro 450,000 a 2025. Gidajen ƙauye galibi suna shiga ciki. Ka kuma duba adireshin a WOZ-waardeloket, kyauta ne, za ka ga kimar da ƙaramar hukuma ta yi wa gidan da na maƙwabta. Bayan sa hannu kana da kwana 3 na janyewa, amma duk da haka a sa sharaɗin cewa in banki ya ƙi, ciniki ya warware.

Ustaz Bashir: Alhaji, Allah ya saka. Ɗan uwa, bashin gida a nan da ruwa yake, kuma samun wanda babu ruwa yana da wuya ƙwarai. Ka zauna da malamin da ka amince da shi tun yanzu, kada sai ka ga gida ya shiga ranka. Ni da zan ba ka shawara, haya za ka fara kamawa shekara guda. Ka yi rajista da woningcorporatie ta yankin, ƙungiyar da ke ba da hayar gidaje masu rahusa, in albashinka bai wuce iyakarsu ba. Jira a can bai kai na Amsterdam ba, inda mutum kan haura shekara 10.

Hajiya Rabi: Ɗana, ka ji maganar Ustaz. Kai za ka fita aiki, ita Maman Sadiq ce za ta wuni a ƙauyen, ita ya kamata a fi tambaya. Naman halal da shagon kayan miyarmu sai an shiga birnin Groningen a samu yadda ake so. Sa'ar da kuka yi Loppersum na da tashar jirgin ƙasa a layin Groningen zuwa Delfzijl, tafiyar ba ta wuce kusan rabin awa ba. Ƙananan ƙauyukan kewaye da yawa sai mota ko bas mai jinkiri. Mutanen can ba su da yawan magana, tsofaffi kuma Gronings, yaren yankin, suke yi a tsakaninsu, amma in kun gaishe su, kun sa yara a kulob ɗin ƙwallo, kun ɗauki aikin sa-kai ko na ranar Asabar ne, za su saba da ku. Ranar da kuka tare ku ƙwanƙwasa wa maƙwabta ku gabatar da kanku, suna lura da wannan sosai.

Malam Sani: Ƙari kaɗan: ka gwada hanyar zuwa Eemshaven a lokacin da za ka riƙa fita aiki, musamman in akwai aikin dare, domin mai yiwuwa sai da mota. In za ku zo ku sanar da ni, ku sauka a wajena, mu je tare ranar aiki a ga makarantar a buɗe.

Baban Sadiq: Allah ya bar zumunci. Zan nemi hutun ranar Laraba, Malam Sani. Injiniya, don Allah turo min jerin abubuwan da zan tambayi masanin ginin.