Ƙungiyoyin mata da tallafin da ke zuwa: kowa ta faɗi abin da ta gani

Uwar Marayu, Maiduguri

Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yar ƙanwata da ke aiki a Abuja ta kira ni, wai ofishinsu na son fara tallafa wa ƙananan ƙungiyoyin mata, in nuna mata ta inda za su ɓullo. Na ce mata mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, bari in tambayi masu ɗakunan. Zan fara da tawa.

Mu da adashi muka soma, matan da rikicin Boko Haram ya raba da mazajensu. Daren da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, 10 ga Satumban 2024, ruwa ya ci unguwar Gwange kafin gari ya waye. Sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe a 2021 sai da aka sake buɗe shi. Tun kafin mu ga wata mota mai tambari mun ɗora tukwane da kuɗin kwasar wannan watan, mai kwasar ta ce ta yafe. Mu muka san gidan da akwai mai tsohon ciki, mu muka san tsohuwar da ba ta iya tafiya. Da wata babbar ƙungiya ta iso, littafinmu ta kwafa, aka ɗauki hoton tukwanenmu. Bayan ruwa ya janye muka nemi tallafi a wurinsu da sunanmu. Aka ce mu kawo takardar rajista ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da ta SCUML, ofishin da ke sa ido kan safarar kuɗin haram, da rahoton binciken kuɗi na shekara uku, a cike komai da Turanci ta intanet. Sakatariyarmu da ajami take rubutu. Ƙarshenta matsayin masu tara jama'a aka ba mu, ana sallamarmu da kuɗin mota.

An ce a taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 manyan masu bayarwa sun yi alkawarin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida. Mu dai har yau labari muke ji.

Malamar Islamiyya, Jos

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Mu namu ba agaji ba ne, kashe wuta ne. Bayan rikicin 2008 da na 2010 garin nan ya rabu, ɗan Unguwar Rogo ba ya shiga Unguwar Rukuba, na can ma ba ya zuwa nan. Amma mata ba su daina haɗuwa a Farin Gada ba, don tumatir da kabeji ba su san addinin kowa ba. A shekarar 2010 ɗin ne Fasto Esther Ibanga da Hajiya Khadija Hawaja suka haɗa kan matan ɓangarorin biyu, mu kuma ƙanana muka yi koyi a unguwanninmu. Aikinmu ba wani mai wuya ba ne: in an ji jita-jita an kashe wani, sai ka kira abokiyar cinikinka ta can ka tambaya. Sau da yawa ƙarya ce. Sai mu fita mu tare samarinmu a bakin layi tun ba su ɗauko komai ba. Yaro zai iya yi wa ɗan sanda gardama, amma da wuya ya ture uwar abokinsa.

Abin da wannan aiki ke ci katin waya ne da kuɗin keke. Mun roƙi wannan, aka ce ba ya cikin kasafi. Abin da ke cikin kasafi shi ne bita ta kwana uku a otal, da jaka da riga mai rubutu. Kuɗin shayin safe ɗaya na bitar nan da ya ishe mu kati na watanni. Rigunan suna nan, jikokina ke kwana da su.

Maman Zumunta, Kaduna

Malama kin faɗi gaskiya. Mu a Zumuntar Mata, bayan tashin hankalin zaɓen 2011, zannuwa da masara muka tara a coci muka kai wa waɗanda suka gudo, ba mu tambayi sunan kowa ba. Tallafi ɗaya da na ga ya yi amfani shi ne wanda aka biya mana hayar ɗaki na shekara biyu a wurin da Musulma da Kirista duk za su iya zuwa ba tsoro. Ɗaki kawai, da benci.

Ɗiyar Gobir, Maraɗi

Ina gaishe ku iyayena. Ni dai zan ɗan saɓa, ku yi mini haƙuri. Nan wajenmu ne Mata Masu Dubara ta samo asali, tun 1991 da ƙungiyar agaji ta CARE ta kawo tsarin: kowace mace ta zuba abin da ta iya duk mako, a ba da rance, a ware na taimakon wadda ta shiga uku. Da mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina sunka fara kwararowa a 2019, kafin a kai wasu matsugunan 'yan gudun hijira na Garin Kaka da Cadakori, gidajenmu sunka sauka. Asusun taimakon nan shi ya sayi hatsi da sabulu.

To sai wani furoje na masu tallafi ya ga muna ƙoƙari, ya zuba muna kuɗi masu yawa a asusu lokaci guda. Wallahi nan ne abin ya lalace. Da, in mace ta ci rance tana jin kunyar maƙwabciyarta, don ta san kuɗin ƙuli-ƙulinta ne. Da kuɗin waje ya shigo sai aka ce ai na Nasara ne, ba mai biya. Maza ma sunka sa baki, kowa na son matarshi ta zama shugaba. Kafin damina biyu mun watse. Daga baya mun sake tadawa, mu kaɗan, da zubin dala ashirin-ashirin. Saboda haka Hajiya ki ce ma ɗiyarki kada ta zuba cikin asusun mutane. Ta biya mai koya muna lissafi, ta gina rumbu, asusun kuwa ta bar muna abinmu.

Mai duba takardu

Iyayena mata a gafarce ni, ni ina ɗaya ɓangaren, shekara shida ina tantance masu neman tallafi. Takardun nan ba don mugunta ake nema ba. Banki ba ya buɗe wa ƙungiya asusu sai da takardar CAC da ta SCUML, kuma a arewa maso gabas kowane sisi ana bin sawunsa don kada ya faɗa hannun 'yan ta'adda. Sannan na sha ganin ƙungiyar da duk ofishinta yana cikin jakar hannun matar wani ɗan siyasa. Irin waɗannan takardunsu ba sa taɓa samun kuskure, ku kuma masu aikin ba ku da ko ɗaya. Abin da na ga yana aiki shi ne a je unguwa a tambayi ungozoma da mai unguwa wa ya ciyar da mutane ranar da abin ya faru, sannan a biya wa waɗannan kuɗin rajista a haɗa su da akanta. Akwai kuma manyan uwayen ƙungiyoyi irin FOMWAN ta mata Musulmi, da ke nan tun 1985 da rassa a jihohi, ana iya bi ta ƙarƙashin inuwarsu.

Da Amurka ta dakatar da tallafinta a Janairun 2025, ofishinmu ya sallami ma'aikata da yawa. Matan adashin da muka ƙi ba kuɗi suna nan suna dafa abinci.

Inna ta Tsafe

Ɗana ka yi adalci. Ni abin da ke ci mini rai daban ne. An yi zaman sulhu da 'yan bindiga a yankinmu ba sau ɗaya ba, ban taɓa jin an kira mace ko ɗaya ta zauna ba, alhali mu ake sacewa, mu ke sayar da akuya a haɗa kuɗin fansa, mu ke karɓar yarinya in ta dawo da ciki. Wata 'yar boko ta gaya mini Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ƙuduri mai lamba 1325 tun shekarar 2000 cewa a sa mata a teburin sulhu, Najeriya ma ta fitar da nata tsarin a 2013. Na ce to teburin bai iso nan ba, tabarma ce, ita ma ba a matsa mana.

Kuma a kula da hoto. Wasu baƙi sun ɗauki fuskokinmu suka sa a Facebook da sunan ƙauyenmu, sati bai cika ba aka fara cewa muna kai rahoto. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a 2021, da baki muke isar da saƙo, daga mai tallan fura zuwa mai tallan fura, ba wanda ya san wace ce wace. Wanda zai taimake mu ya taimaka, amma kada ya buga sunanmu a allo.

Uwar Marayu, Maiduguri

Na gode ƙwarai, duk na tura mata yadda kuka rubuta, ban gyara ko kalma ba. Inna, maganar yaran da ke dawowa da ciki mu yi ta a waya, nan Hajiya Hamsatu Allamin ta daɗe tana aiki da irinsu, akwai abin da muka koya. Ɗiyar Gobir, akwatin asusun naku makulli nawa ne, kuma su wa ke riƙewa? Namu ɗaya ne, yana wuyana, ga shi na fara mantuwa.