Me ya sa marubuta suke kai aljannar duniya ƙauye?

Ɗalibi daga Aboabo:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina karatun adabi a nan Kumasi, kuma na lura cewa idan marubuci ya tashi siffanta al'ummar da babu zalunci a cikinta, sai ya fitar da ita daga birni ya kai ta gona ko daji. Shin wannan al'adar Turawa ce kaɗai, ko namu marubutan ma haka suke yi?

Malam, Asawase:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ba Turawa kaɗai ba ne. Ayi Kwei Armah, marubuci ɗan Ghana, a littafinsa The Healers na 1978, ya zaunar da masu magani a cikin kurmi, nesa da fada, a daidai lokacin da sojojin Ingila suke tunkarar Kumasi, wadda suka ƙona a 1874. Fada cike take da makirci da kwaɗayin mulki, kurmi kuwa can ne ake neman maganin rarrabuwar kan baƙar fata. Sai dai Thomas More, Baturen Ingila wanda ya ƙago sunan Utopia a 1516 ya raɗa wa tsibirin aljannar duniya na littafinsa, bai juya wa birni baya ba, domin tsibirinsa birane 54 gare shi, jama'a kuma suna fita noma na shekara biyu bi da bi, sannan su koma gida.

Hajiya, tsohuwar malamar makaranta:
Malam ya yi gaskiya, amma ni abin da nake dubawa shi ne wane ne mai mafarkin. Galibi ɗan birni ne wanda fartanya ba ta taɓa yi wa hannunsa kanta ba. Marubuci Nathaniel Hawthorne ya shiga gonar haɗin gwiwa ta Brook Farm, kusa da Boston a Amurka, a 1841, ya yi 'yan watanni yana kwasar taki, ya gaji ya fice. Gonar ta watse a 1847, shi kuma ya mayar da labarin littafi a 1852, cike da shaguɓe.

Mu kuwa 'yan zango jikokin fataken goro ne, kuma har gobe "baƙauye" zagi ne a bakinmu. Tsofaffinmu idan bege ya kama su, Kano da Salaga suke ambata, wato birnin da ya wuce suke kewa, ba bukkar gona ba.

Ɗalibi daga Aboabo:
Na gode, Hajiya. Jiya na bi ta kasuwar Kejetia na ga 'yan matan da suka baro ƙauyukan arewa suna dakon kaya, sai na yi niyyar sa su a cikin takardar da zan rubuta.