DVR ɗina yana yanke kyamarori da dare, kuma hoton kwana 7 kacal yake ajiyewa

Mai_Sito

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. An haɗa mini DVR, wato na'urar da take naɗar hoton kyamarorin tsaro, na Hikvision mai tashoshi 8 a siton kayan masarufi a Kano. Kyamarori 6 ne masu 2MP, faifan ajiya 1TB. Wayar RG59 ce mai haɗe da ta wuta, kuma adafta ɗaya 12V 5A ce take ciyar da dukkan kyamarorin. Biyu na bayan gini su ne mafi nisa, wajen mita 60.

Da rana komai lafiya lau, amma da magariba ta yi sai waɗannan biyun su riƙa ɗaukewa suna dawowa, allo ya rubuta NO VIDEO. In na koma baya neman hoto, bai wuce na kwana 7 ba, ni kuwa na wata guda nake so. Duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, agogon sai ya koma wata shekara can baya. A wayar hannu kuma Hik-Connect, manhajar kallon kyamarorin, yana cewa Offline, alhali rautar 4G tana aiki. Wani ya ce DVR ɗin ne jabu, in canza shi. Kafin in kashe kuɗi, me kuke gani?

Injiniya_BNC

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sayi komai tukuna. Kyamarar da take aiki da rana ta mutu da dare, yunwar wuta ce take damunta, babu ruwan DVR.

Da rana kyamara wuta kaɗan take ja. Da duhu ya yi sai ta kunna fitilun infrared ɗin da ke kewaye da idonta, abin da take ja ya kusa ninkawa, ya kai wajen 0.5A ko fiye. Ita kuwa waya tana cin nata rabon a hanya. Wayar jan ƙarfe zalla mai kaurin 0.5mm² tana da turjiyar wajen ohm 35 a kilomita ɗaya. Mita 60 zuwa da dawowa mita 120 ke nan, wato ohm 4.2. Ka ninka da 0.5A, an yi asarar sama da 2V tun kafin wutar ta isa. Idan kuma wayar CCA ce, wato alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, asarar za ta haura 3V. Yawancin waɗannan kyamarori an rubuta musu 12V ±25%, ƙasa da 9V ba sa tsayawa. Sai kyamarar ta mutu, fitilun su mutu, wuta ta ɗan hau, ta sake tashi, ta kunna fitilu, ta sake mutuwa. Ɗaukewa da dawowar da kake gani ke nan.

Ka tabbatar da kanka. Samo maltimita ka sa ta a DC, ka gwada a bakin kyamarar ba a bakin adafta ba, kuma kyamarar tana jone. Ba sai ka jira dare ba: rufe gaban kyamarar da baƙin kyalle, za ka ji ta yi ƙas, fitilun sun kama ke nan. Sannan ka kankare bakin wayar wutar da reza. In ciki ya fito fari, alminiyom ce.

Gyara mafi sauƙi, ka ba na bayan nan adaftarsu 12V 2A a kusa da su, in akwai soket a wajen da ruwa ba ya taɓawa. Mafi kyau kuwa ka sa akwatin wuta na CCTV mai 12V 10A, irin wanda kowace kyamara take da layinta da fis ɗinta. Yana da ɗan maɓallin juyawa da aka rubuta V ADJ, ka ɗaga shi zuwa 13V, na kusa ba za su ji komai ba, na nesa kuma su samu abin da ya ishe su. Adaftocin roba na kasuwa da aka rubuta 5A, da yawansu ba sa ba da abin da ke jikinsu in sun yi zafi.

Tunda za a hau sama, a duba kawunan BNC, wato mahaɗan da ke bakin wayar hoto. Irin na murɗawa da hannu suna saki, na matsewa da filaya sun fi riƙewa, kuma duk mahaɗar da ke waje a sa ta cikin akwati kafin damina. Kada wayar kyamara ta kwanta a fayif ɗaya da wayar NEPA, a bar tazarar kamar santimita 30. In ka ga layuka suna hawa suna sauka a hoto, duba ko an ɗaure kyamarar kai tsaye a jikin ƙarfe ko kwano, a sa katako ko roba tsakani.

Malam_Faifai

Alhaji, kwana 7 ɗin nan ba lalacewa ba ce, lissafi ne. Kowane 1Mbps yana cin 10.8GB a kwana. Kyamara mai 2Mbps tana cin 21.6GB, guda 6 kuwa kusan 130GB. Raba 1,000 da 130, ka ga kwana 7 da ɗoriya. Faifan yana cika sai ya fara taka tsohon hoto da sabo, haka aka tsara shi.

Shiga saitin Record, ka nemi Video Encoding na Main Stream. In yana kan H.264 mayar da shi H.265 ko H.265+, wanda yake ba da kusan irin hoton da wajen rabin nauyi. Frame Rate ka sa 12 ko 15, ya wadatar da sito, ba wasan ƙwallo kake ɗauka ba. In ka sauko 1Mbps kowace kyamara, 65GB ke nan a kwana, faifan 2TB zai kai ka kwana 30. Na 1TB ɗinka wajen kwana 15 kawai zai kai. Kuma faifan ya zama na sa ido, WD Purple ko Seagate SkyHawk, waɗanda aka ƙera don rubutu dare da rana. A kula da tsofaffin faifan kwamfuta da ake canza wa takarda. Duba S.M.A.R.T. a cikin DVR ɗin ka ga awannin da faifan ya yi yana aiki, sabo ba ya zuwa da dubban awanni. Bayan ka ɗaura shi sai ka danna Init, in ba haka ba DVR zai yi ta ƙara, ba kuwa zai naɗi komai ba.

Wani abin da masu sayarwa ba sa faɗa: duba lambar samfurin DVR ɗin. Masu HGHI galibi 1080p Lite suke naɗa, wato 960×1080, rabin faɗin hoton kyamararka. Kai tsaye za ka ga hoto garau, sai ranar neman fuska ka koma baya ka tarar ta dushe. Ƙa'idar gane fuskar baƙo ita ce ɗigon hoto 250 a kowace mita. Mai 1920 zai ba ka hakan in faɗin wurin bai wuce mita 7 da rabi ba, mai 960 kuwa ƙasa da mita 4. Don haka kyamarar ƙofa a sauko da ita wajen mita 2.5, ta kalli ƙofar kaɗai. In an kafa ta can sama, hula kawai za ka gani.

Agogo kuwa ɗan batiri ne mai kamar kwabo a kan allon ciki, CR1220 ko CR2032 gwargwadon samfuri. Cire wuta, ka canza shi, ka sa Time Zone a GMT+1, ka kashe DST, wato sauya agogo da wasu ƙasashe suke yi lokacin bazara. Kana iya ƙara rage cin faifai da naɗa sai an ga motsi.

Mai_Sito

Allah ya saka da alheri. Na gwada, 8.6V ne a bakin ta bayan da aka rufe ta da kyalle, wayar kuma fara ce a ciki. Samfurin HQHI ne. Saura maganar Offline a wayar hannu.

Oga_Rauta

To Alhamdulillah, HQHI yana naɗa 1080p cikakke, sai dai ka tabbatar ba a kunna masa Lite Mode ba.

Maganar Offline, fara da waya daga DVR zuwa ramin LAN na rautar, ka ga fitilar ramin tana ƙiftawa. A saitin Network kunna DHCP, don rautar ta ba DVR adireshi da kanta. In ka ga adireshin yana nan a 192.168.1.64 alhali rautarka tana raba 192.168.0 ko 192.168.8, ba gida ɗaya suke ba, ba za su yi magana ba. DNS, wato mai nemo wa DVR adireshin sabar, ka sa 8.8.8.8, rashinsa yana jawo wannan matsala. Sai ka shiga Platform Access, ka kunna Hik-Connect, ka sa Verification Code, ka jira ya nuna Online, sannan ka ɗauki lambar QR da manhajar. Sai ka gyara agogon kafin duk wannan, domin kwanan wata mara daidai yana iya hana shi haɗuwa da sabar. Yana hawa intanet ka kunna NTP, ya riƙa daidaita lokaci da kansa.

Kada ka wahalar da kanka da buɗe ƙofofin shiga (port) 8000 da 554 a rauta. Layukan 4G galibi mutane da yawa ne suke raba adireshin waje ɗaya, buɗewar ba za ta yi aiki ba, in ta yi ma ƙofa ka buɗe wa ɓarayin intanet. A shekarar 2016 Mirai ta kame ɗimbin DVR da kyamarori masu kalmar sirrin kamfani, aka yi amfani da su wajen kai wa Dyn, wani kamfanin hidimar intanet, hari a Amurka har manyan shafuka suka tsaya. Ka canza kalmar sirrin admin da hannunka, ka fitar da fayil ɗin GUID, wanda ake sake saita kalmar sirri da shi, a filash ka adana don ranar mantuwa. Ka kuma binciki asusun wa aka ɗaure na'urar: asusun Hik-Connect ɗaya tak take karɓa, in na wanda ya haɗa maka ne, shi ne mai ita, sai ya cire ta sannan ka sa naka. Yaran shago ka buɗe musu asusun kallo kawai.

A wayar hannu ka riƙa kallo da Sub Stream, wato hoton mara nauyi. 512kbps yana cin wajen 230MB a awa, 2Mbps kuwa 900MB, kowace kyamara.

Malam_Faifai, a yi mini afuwa, ban goyi bayan naɗa sai da motsi a kyamarorin waje ba. Ƙwari da saƙar gizo-gizo a gaban fitila, ga hazon hunturu, duk motsi ne a wurin DVR, ba za ka rage komai ba. In kuma ka rage masa ji, sai ya tsallake abin da ake nema. Na waje da na ƙofa su naɗa ba yankewa, na cikin sito a sa musu motsi da Pre-record daƙiƙa 5.

Mai_Inbata

Alhaji, duk wannan gyara ba shi da amfani in DVR yana mutuwa tare da NEPA, tunda ɓarawo ma duhun yake jira. Yankewar wuta yana tsakiyar rubutu kuma tana lalata fayil, a hankali ta kashe faifan.

Kyamarori 6 da dare wajen wat 36, DVR da faifansa wajen 20, rauta 10, ka ƙaddara wat 70. Ƙaramin UPS mai batir 7Ah ba zai kai ka awa ɗaya ba, amfaninsa kawai ya riƙe kafin a tada janareta. Batir 12V 100Ah yana ɗauke da 1,200Wh, rabi ake ci in ana so ya yi ƙarko, ka cire asarar inbata, awa 7 ke nan. Daren gaba ɗaya sai 200Ah. Adaftar kyamarorin baya ma dole ta hau layin inbatan, shi ya sa na fi son akwatin wuta ɗaya da sabuwar wayar jan ƙarfe a kan adafta a can nesa.

Kada a bar DVR a kan tebur kusa da talabijin, wanda ya shigo shi zai fara ɗauka. A ɓoye shi a akwatin ƙarfe mai kulle, amma mai ramukan iska, domin a zafin Afrilu rufaffen akwati tanda ne. Talabijin ɗin a ja masa wayar HDMI.

In wani abu ya faru, ka fitar da hoton a ranar, kafin a taka shi. Sa filash mai FAT32, shiga Export, zaɓi kyamara da lokaci, ka ƙara minti 10 gaba da baya, ka haɗa da Player ɗinsa, domin ba kowace kwamfuta ce take buɗe H.265+ ba. Buɗe fayil ɗin a kwamfuta ka tabbatar yana tafiya kafin ka kai wa 'yan sanda, na cikin DVR ɗin kuma ka danna masa Lock.