Bidiyon El-Fasher: a goge ko a bari?

Admin: Salam jama'a. Bidiyon nan da Kawu ya turo jiya da daddare, wanda aka ce daga El-Fasher ne, a yankin Darfur na Sudan, bayan dakarun RSF masu yaƙi da sojojin ƙasar sun ƙwace garin a Oktoban 2025, wasu sun min magana ta gefe wai in goge don akwai mata da yara a guruf ɗin nan. Kawu ya ce a bari shaida ce. Ɗan Tasha kuma ya ce ba wata shaida, duk wannan ɗauke-ɗauken hoto da rubuce-rubucen ɓata lokaci ne. To ku yi magana kafin in yanke.

Ɗan Tasha: Ni dai ina nan kan bakana wlh. Tun 2003 ake rubuta rahoto kan Darfur, turawa su zo da littafi da biro su zauna da mata a sansani su sa su kuka su tafi. Kotun duniya ta ICC ta ba da sammacin kama shugaban Sudan na lokacin, Al-Bashir, a 2009, ta ƙara wani a 2010 har da kisan ƙare dangi, mutumin nan ya ci gaba da yawonsa a jirgi, har Abuja ya zo taro a 2013 ya koma gida lafiya lau. An tumɓuke shi a 2019 har yau ba a miƙa shi ba. To ina amfanin takardar?

Kawu: Yaro kenan. To sai a rufe ido a yi shiru?

Ɗan Tasha: A'a Kawu ban ce a yi shiru ba, cewa na yi kar mu yaudari kanmu

Barista: Malam Ɗan Tasha ka tsallake wani abu. A watan Oktoban 2025 ɗin nan dai, kotun ICC ta samu Ali Kushayb, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin mayaƙan sa-kai na Janjawid, da laifuka 27 kan abin da aka yi a yankin Mukjar da Deleig tsakanin 2003 da 2004. Kuma ka san abin da ya dogara da shi a kotu? Cewa ya yi ai ba shi ba ne Kushayb, an yi kuskuren mutum ne. Sai ga shaidu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka san shi tun yana da shagon magani, ga kuma wani bidiyo da shi da kansa ya aika wa masu gabatar da ƙara kafin ya miƙa wuya a 2020 yana gabatar da kansa da wannan sunan. Ba don an adana waɗannan ba da tuni ya sha.

Ɗan Tasha: Barista ranka ya daɗe, shekara ashirin fa! Kuma mutum ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki. Waɗancan Janjawid ɗin ai su ne aka ɗinka wa kaki aka kira su RSF, suna can suna ɗaukar kansu a waya suna dariya, ba su ma ɓoye fuska

Barista: Wannan gaskiyarka ce, ba musu. Amma ka ce ba a taɓa hukunta kowa ba, shi nake gyara maka.

Maman Yara: Ni tambayata daban ce. Wa ya ce ma bidiyon El-Fasher ne? Kawu wa ya turo maka?

Kawu: Wani guruf ne na ƴan kasuwa Hajiya

Maman Yara: Shi kuma wa ya tura musu? Kun gani ko. Sau nawa aka turo mana hoton wata ƙasa aka ce Zamfara ne, daga baya a gano tsohon hoto ne na shekaru. Kuma ku duba fuskokin mutanen nan a fili suke, ƴaƴan wasu ne, mazajen wasu ne, wata ƙila uwar wani ba ta ma san ya rasu ba sai ta gani ana yawo da shi a waya ana sa masa waƙar tausayi a ƙasa. Ni dai ban ga mutunta gawa a nan ba gsky.

Ɗan Injamena: Ku ba ni dama in yi tsawo kaɗan, don abin nan a gidanmu aka yi. Hissène Habré ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, yana da ƴan sandan ciki da ake kira DDS, akwai wani kurkuku a Injamena asalinsa wurin ninƙaya ne na zamanin Faransa aka rufe samansa da kankare aka yanka shi ɗaki-ɗaki, manyanmu har yau in an ambaci wurin sai ka ga sun yi shiru. Da ya gudu Senegal kowa cewa yake shikenan, irin maganar Ɗan Tasha sak. Wani ma'aikacin lissafi, Souleymane Guengueng, wanda ya fito daga tsare da ƙyar yana gani, shi ya bi mutane gida-gida yana cike takarda: sunanka, ranar da aka kama ka, ina aka kai ka, wa ya mutu a gabanka. Ɗaruruwa ya tara ya ɓoye. Sannan a 2001 masu bincike na ƙungiyar kare haƙƙin ɗan adam ta Human Rights Watch suka shiga tsohon ofishin DDS suka tarar da takardu zube a ƙasa cikin ƙura, hukumar da kanta take rubuta wa Habré rahoto, a ciki aka fitar da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a tsare da sama da 12,000 da aka ci zarafinsu. Da waɗannan da kuma bakin waɗanda suka tsira aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Dakar ranar 30 ga Mayun 2016, kuma alƙalan Afirka ne ba turawa ba. A tsare yake har ya mutu a 2021.

Ɗan Tasha: Diyya fa? An biya su?

Ɗan Injamena: Nan kam ka taɓa inda yake ciwo. Kotu ta ce a biya CFA biliyan 82 ga mutum fiye da 7,000, aka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, tsofaffi da yawa sun rasu ba su ga ko dala ba. Amma ka tambayi matan da suka tsaya a kotu suka kalli idonsa suka faɗi abin da aka musu ko ɓata lokaci ne, ni ba zan iya faɗa musu haka ba.

Kawu: Yauwa ɗana! Kun ji ko, shi ya sa na ce a bar bidiyon

Barista: A'a Kawu, da girmanka, labarin nan ba ya goyon bayanka. Guengueng bai raba takardunsa a kasuwa ba, ɓoyewa ya yi. Bidiyon da ya bi ta hannu hamsin a WhatsApp an matse shi, bayanan da ke cikinsa na rana da wuri da irin waya sun goge, wani ya yanke farkonsa wani ya ɗora rubutu. Lauyan wanda ake tuhuma tambaya ɗaya zai yi, wa ya ɗauka, yaushe, a ina, in ba amsa an wuce wurin. Masu wannan aiki asalin fayil suke nema daga wayar da ta ɗauka, su duba inuwa da hasumiyar masallaci da tsaunin da ke baya su gwada da hoton tauraron ɗan adam, irin yadda masu bincike na jami'ar Yale suka riƙa bibiyar El-Fasher daga sama. Kuma ajiya a Facebook ko YouTube ba ajiya ba ce, a 2017 YouTube ya sauke ɗimbin bidiyoyin yaƙin Siriya saboda na'urarsu ta ɗauke su a matsayin farfagandar ƴan ta'adda.

Ɗan Makaranta: Amma Yaya Barista ai a Libiya da bidiyon soshiyal midiya ICC ta ba da sammacin kama wani kwamanda, Mahmoud al-Werfalli, a 2017, mun karanta, kisan mutum 33

Barista: Haka ne ƙanena, sai da suka tantance tukuna. Kuma bai kai kotu ba, an harbe shi a Benghazi a 2021.

Ɗan Tasha: Hhhh kun ga abin da nake faɗa

Baƙuwar Adre: Assalamu alaikum, ban cika magana a nan ba. Mu Hausawan Sudan ne, ƴar'uwata a El-Geneina ta Yammacin Darfur take aure, sun tsallako Adre ta Chadi da ƙafa a 2023 lokacin da ake farautar ƴan ƙabilar Masalit, bayan an kashe gwamnan jihar Khamis Abakar sa'o'i kaɗan da ya fito a talabijin yana zargin RSF. A shingen hanya wayoyi ake fara ƙwacewa ana dubawa, wanda aka samu da hoto ya shiga uku, don haka ita ba ta da bidiyo ko ɗaya. Abin da take da shi littafin makarantar ɗanta ne mai layi-layi, ta rubuta sunayen maƙwabtanta da ta gani da idonta, da unguwa, da ranar, wasu ranakun da lissafin sallah ta tuna su. Tana naɗe shi a leda cikin buhun kaya. Malam Ɗan Tasha ita ma ba ta sa ran ganin kotu, cewa ta yi ba ta so wata rana a ce mutanen nan ba a yi su ba. Abin da nake roƙo kawai, in kuka ga fuskar mai rai a irin bidiyon nan kar ku tura, danginsa na can a hannunsu.

Ɗan Tasha: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ku haƙuri ƴar'uwa. Littafin nan kam ban da ta cewa. Amma kan kotun duniya ban sauya ba, sai ranar da na ga mai tauraro a kafaɗa a gabanta, na can ko na nan gida, don mu ma tun Disambar 2020 babbar mai gabatar da ƙara ta ICC a lokacin, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin buɗe bincike kan Boko Haram da sojojin Najeriya, muna nan muna jira

Barista: Wannan jiran tare muke yi. Ƴar'uwa, a ɗauki hoton kowane shafi a ajiye wuri biyu, kuma kar ta ba kowa asalin littafin sai ta san ko wane ne da inda zai kai shi. Ki min magana ta gefe.

Admin: To na goge bidiyon. Kawu kai ka riƙe naka, ka koma wancan guruf ɗin ka tambayi wanda ya fara turowa daga ina ya samo.

Kawu: Na tambaya tun ɗazu, wai shi ma turo masa aka yi