Mantuwar Baba: Ko Ƙarancin Sinadarin Girma Ne?

Ɗan Gumel:

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya haura shekara 70, manomi ne a wani ƙauye kusa da Gumel. Tun daminar bara muka lura yana yawan mantuwa. Sai ya aiki yaro ya manta abin da ya aike shi, kuma lissafin buhunan gero da riɗi, wanda a da babu mai kama ƙafarsa a kai, yanzu yakan rikice masa. Ga kasala, ga tumbi ya fito alhali hannuwa suna ramewa. Wani mai tallan magunguna ya ce wa yayana wai sinadarin girma ne ya ƙare a jikin Baba, kuma akwai allurar da za ta dawo masa da kaifin ƙwaƙwalwa. Masana, shin maganar tana da tushe, ko gigin tsufa ne kawai?

Malamin Jinya:

Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Mai tallan ya cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Sinadarin girma yana fitowa ne daga wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke gindin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira fituwitari, kuma akasarinsa da dare yake fita, lokacin da barci ya yi nauyi. Daga nan yakan sa hanta ta samar da wani sinadarin mai suna IGF-1. Tun mutum yana wajen shekara 30 yawansa ke raguwa, kusan kashi 14 cikin ɗari a kowace shekara goma, don haka duk dattijon da aka auna za a tarar nasa ya yi ƙasa. Wannan ba cuta ba ce.

Cutar ƙarancinsa ta haƙiƙa tana da sanadi: ƙari a fituwitari, ko tiyata da gashin na'ura (irin wanda ake yi wa masu ciwon daji) da aka yi a wurin, ko mummunan bugu a ka. Masu ita kan yi kukan mantuwa, rashin natsuwa da mutuwar jiki, kuma su ne allurar ke iya taimaka wa. Tallan da ake yi wa tsofaffi masu lafiya kuwa ya samo asali ne daga binciken Dakta Daniel Rudman na 1990 a Amurka, inda aka yi wa maza 12 'yan shekara 61 zuwa 81 allurar tsawon wata shida. Tsoka ta ƙaru, kitse ya ragu, amma binciken bai ma auna ƙwaƙwalwa ba. Illolin allurar da aka sani su ne kumburin ƙafafu, ciwon gaɓoɓi, dindiris a yatsu da hauhawar suga. Ga tsada, ga buƙatar firij, abin da ba sai na faɗa maka yadda yake a ƙauyukanmu ba.

Shawarata ku fara da abin da ya fi yawa a tsakanin tsofaffinmu: a auna hawan jini da suga, a duba bitamin B12 da sinadarin maƙogwaro, a gwada jinsa, domin kurma yakan yi kama da mai mantuwa. Amma ka gaya mini, Baba ya taɓa buguwa a ka?

'Yar Ɓaɓura:

Malam ya yi bayani, sai dai ina so in ƙara na ɓangaren mata. Goggona ta zubar da jini sosai a haihuwarta ta ƙarshe a gida, ruwan nono bai zo ba, al'ada kuma ta ɗauke ɗungurungum. Ta shafe shekaru cikin kasala da jin sanyi da mantuwa, ana ta cewa sammu ne ko iska. Sai da aka kai ta Kano aka gano zubar jinin ce ta lalata fituwitarin, cutar da likitan Birtaniya Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Abin da aka ɗora ta a kai ƙwayoyi ne na sauran sinadaran da ta rasa, ba allurar girma ba, kuma cikin 'yan watanni ta koma sana'arta ta ƙuli-ƙuli.

Ɗan Gumel:

Na gode ƙwarai. Malam, ka tuna mini: shekara biyar da suka wuce ya faɗi daga babur a hanyar dawowa daga kasuwar Maigatari, har ya suma na ɗan lokaci, amma da ya farfaɗo ba mu je asibiti ba.

Malamin Jinya:

To, wannan shi ne farkon abin da za ka faɗa wa likita. Kada ku biya kuɗin auna sinadarin sau ɗaya a ɗakin gwaji, domin a guntu-guntu yake fita, ko mai lafiya ana iya samun nasa kamar babu. Ana fara duba IGF-1 ne, sannan a yi gwajin zaburar da fituwitari a gaban likita, wataƙila da hoton ƙwaƙwalwa. Ku fara da babban asibitin Gumel, ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma ku tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya.